Zungeru ko Dungurum? Fashin baƙi kan garin da Turawa suka kafa, suka kuma kwashe kayansu suka bar shi

Duk sanda watan Janairu ya kama, ko aka zo bikin 1 ga Oktoba, sai ka ga hotunan wasu tsofaffin ginshiƙai a cikin ciyawa suna yawo a Facebook da WhatsApp, an rubuta a ƙasa wai nan ne Zungeru, inda Gwamna Lugga ya zauna ya sa hannu ya haɗa Kudu da Arewa. Yanzu kuma tashar lantarkin da aka gina a wurin ta sake dawo da sunan garin bakin mutane. In ka tsaya ka saurari musun da ake yi za ka ji wani na cewa ai sunan ma na Turawa ne, wani ya ce a'a sunan wani makaɗi ne, wani ya ce garin Nufawa ne, wani ya ce na Gbagyi ne, wani kuma ya kawo maganar cewa a nan ne matar Lugga ta raɗa wa Najeriya suna. Kowa na riƙe da ɗan guntun gaskiya amma an cakuɗa shi da abin da ba haka yake ba. Tambayar dai ita ce, wa ya kafa garin nan, daga ina sunansa ya fito, kuma ya aka yi wurin da aka taɓa mulkin Arewa kaf daga cikinsa ya koma ƙaramin gari da ko hedkwatar ƙaramar hukuma ba shi ba ne?

Wurin da mutanen da aka tarar

Zungeru na cikin jihar Neja, a ƙaramar hukumar Wushishi, a bakin kogin Kaduna, kusan kilomita 60 daga Minna a kan hanyar da ta bi ta Tegina zuwa Kontagora. Layin dogo na Legas zuwa Kano ta nan ya ratsa ya haye kogin.

Abu na farko da ya kamata a gyara shi ne yadda ake ba da labarin kamar Bature ya zo ya tarar da daji ba kowa. Ba haka ba ne. Yankin nan ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma ta haɗa iyaka da ƙasar Nufe, ga masunta da masu fito a bakin kogi, ga manoma a ƙananan ƙauyuka. Abin da ya sa wurin ya yi kama da kufai a idon baƙo shi ne halin da aka shiga a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Kontagora na gidan Nagwamatse da na Bida ke kai hare-hare suna kame mutane a wannan tsakanin, har jama'a da yawa suka gudu suka hau duwatsu ko suka nutsa cikin daji. Wushishi kanta tana ƙarƙashin gidan Nagwamatse ne. To ka ga in an ce Turawa ne suka kafa Zungeru, ma'anar ita ce su suka zana gari mai tituna da ofisoshi da bariki a wurin, amma ƙasar tana da masu ita kafin su zo.

Me ya kawo Lugga nan?

Ranar 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Birtaniya ta karɓi mulki daga hannun kamfanin Royal Niger, aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila a Lakwaja, aka ce an kafa ƙasar Arewacin Najeriya ƙarƙashin kariyar Birtaniya, Lugga ne Babban Kwamishina. Amma fa a takarda ne kawai. A lokacin Kano da Sakkwato da Katsina da Zazzau duk suna hannun sarakunansu, abin da Bature ke iko da shi bai wuce bakin kogin Kwara da Binuwai ba. Lugga ya fara zama a Jabba, inda sansanin sojansa yake, sai dai Jabba tana can gefe ne, ga zafi ga rashin lafiya, kuma ta yi nisa da manyan masarautun da yake hari.

Don haka tun a 1900 ya tura ayarin sojoji su bi kogunan da ke gangarowa daga arewa su nemo inda za a kafa hedkwata. Lissafinsa mai sauƙi ne: ba mota, ba jirgin ƙasa, duk wani kaya mai nauyi, daga kwanon rufi zuwa harsashi, ta ruwa yake zuwa daga teku, ya hau Kwara, ya shiga kogin Kaduna. Saboda haka wurin da ya fi dacewa shi ne inda jirgin ruwa ke iya kaiwa mafi kurewa ta wajen arewa kafin duwatsu su tare shi, wato wajen Wushishi. A farkon 1901 sojojinsa suka ci Kontagora da Bida, Sarkin Sudan Ibrahim na Kontagora ya fice daga garinsa, aka tuɓe Etsu Abubakar na Bida, hanya ta buɗe. A 1902 aka kwaso gwamnati daga Jabba aka dawo Zungeru.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba, kuma ni a wurina ya fi maganar sa hannun nan da ake ta yayatawa muhimmanci: layin dogo na farko a duk Arewa a nan aka shimfiɗa shi. Ɗan siriri ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, an fara shi daga Wushishi zuwa Zungeru, tafiyar mil 12, daga baya da aka ga ruwa na janyewa da rani jirgi ba ya iya isowa sai aka ƙara shi zuwa Barijuko, ya zama mil 22. Aikinsa kawai ya ɗauko kaya daga bakin ruwa ya kawo hedkwata. Shekara kusan goma kenan kafin jirgi ya shiga Kano.

Sannan kada a manta da abin da aka yi da garin. Lokacin da aka shirya yaƙin da ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, da Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, da Burmi inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a watan Yuli na shekarar, Zungeru ce fadar gwamnatin da ta ba da umarni. Haka ma lokacin tawayen Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906. Duk mai cewa a dawo wa Zungeru da martabarta ya kamata ya san irin martabar da ake magana, domin a wurin kakannin da yawa daga cikinmu sunan garin nan yana nufin inda hukunci ke fitowa ne.

Labarin mai kiɗan dunguru

Labarin da ya fi yawo a bakin mutanen yankin shi ne, Turawa sun iso wurin suka tarar da wani mutum Bagwari yana kaɗa wani abin kiɗa da Nufawa da Gbagyi ke amfani da shi, suka tambaye shi, shi kuma ya ɗauka abin da ke hannunsa ake tambaya ya ce dunguru, su kuma suka rubuta a matsayin sunan wuri, bakinsu ya karkatar da shi ya koma Zungeru. Wannan labarin baka ne, kaka da kakanni, kuma ya kamata a riƙe shi a matsayinsa.

Akwai abin da ke ƙarfafa shi. Tsofaffin Hausawa, musamman waɗanda suka yi aikin soja ko na reluwe ko fatauci ta wannan hanya, Dungurum suke kiran garin, da harafin d, kuma haka ya shiga tsofaffin rubuce-rubucen Hausa. Wato bakin talaka ya riƙe wani suna dabam da wanda ke kan taswirar gwamnati, kuma wanda talakan ya riƙe ya fi kusa da dunguru. Wannan shaida ce mai ƙarfi cewa asalin sunan da d ya fara, ba Bature ne ya zo da shi daga ƙasarsu ba. A nan sai a yi hattara, don na sha jin masu haɗa shi da kalmarmu ta ɗungurungum, wai don gwamnati ɗungurungum ɗinta tana can. Kamar sauti ce kawai ta ja su, waccan da ɗ mai ƙugiya take, kuma sunan ya riga gwamnatin zuwa wurin.

Inda ni nake ɗan ja da baya shi ne ɓangaren makaɗin. Irin wannan labari na Bature ya tambaya an ba shi amsar wani abu dabam ya rubuta, za ka same shi a garuruwa da yawa a Najeriya da wajenta, kusan da tsari iri ɗaya, saboda labari ne mai daɗin faɗa kuma yana ba mutane damar nuna cewa wanda ya zo mulkinsu ko sunan wuri bai iya ji ba. Amma ka tuna jami'in da aka turo binciken wuri ba shi kaɗai yake yawo ba, yana tare da tafinta da sojoji da 'yan dako da ɗan jagora na yankin, kuma aikinsa kenan ya tambayi sunan kowane ƙauye da rafi ya sa a taswira. A ganina abin da ya fi kama hankali shi ne akwai ƙauye ko wani wuri mai wannan suna tun da, watakila ma sunan wurin na da alaƙa da abin kiɗan, sai sabon garin ya gaji sunan. Shi kuma sauyin d zuwa z, Turanci na da d, ba abin da zai hana Bature furta shi, don haka na fi zaton a hanya ya sauya, daga bakin Bagwari zuwa na Banufe zuwa na tafinta kafin ya kai alƙalami, tunda Nufanci na da wani sauti da ke tsakanin d da z wanda baƙon kunne zai iya jin sa ta kowane ɓangare. Wannan fahimtata ce, kuma ba ta rage wa labarin mutanen wurin daraja ba, su ne suka adana mana kalmar dunguru ɗin da muke dogara da ita.

Yana da kyau a bambance irin abin da Turawa suka yi wa sunaye, don ana yawan haɗa su wuri ɗaya. Sakkwato da ta koma Sokoto a rubutu, da Haɗeja da ta koma Hadejia, da Tawa da Faransawa suka rubuta Tahoua, waɗannan tsofaffin garuruwa ne, rubutun kawai aka karkatar, masu gari ba su taɓa daina kiran abinsu daidai ba. Akwai kuma inda aka ɗauko sunan Bature sukutum aka liƙa wa wuri, kamar Fatakwal da aka sa wa sunan Lewis Harcourt, sakataren harkokin mulkin mallaka na Birtaniya, a 1913, ko Fort Lamy ta Cadi da aka sa wa sunan kwamandan Faransa da ya mutu a yaƙi da Rabe a 1900, wadda sai a 1973 aka mayar da ita N'Djamena. Zungeru ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan. Sabon gari ne da ya ari sunan ƙasa, kuma da yake garin da karkataccen sunan tare aka haife su, sai karkataccen ya zauna daram. Kaduna ma haka take, sunan kogi ta ara, Hausawa na cewa jam'in kada ne, kadduna, Gbagyi kuma na cewa daga kalmarsu ta kogi ne.

Wane irin gari aka gina?

Bariki aka gina, kuma wannan kalma ita ce mabuɗin fahimtar Zungeru. Gari irin namu na da yana da ganuwa da fada da masallacin Juma'a da kasuwa da unguwanni na zuri'a, kowa an san gidansu. Bariki kuwa wurin aiki ne. Ga gidan gwamna da sakatariya da baitulmali da kotu da kurkuku da asibiti da gidan waya, ga unguwar Turawa a ware, ga layin sojoji, ga gidajen akawuna, sannan can nesa ga inda leburori da 'yan kasuwa da kuku da boyi da masu wanki ke zama. Ƙa'idar da Turawa suka riƙa bi a irin waɗannan garuruwa ita ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwarsu da ta baƙar fata, wai don sauro kada ya ɗauko zazzaɓi daga can ya kawo musu. Mai iko da garin ba sarki ba ne, wani jami'in Bature ne mai kula da bariki, kuma daga sunan muƙaminsa ne muka samo kalmar kantoma da har yau muke kiran shugaban riƙo na ƙaramar hukuma da ita.

Su wa suka cika garin? Tunda a lokacin Arewa ba ta da 'yan boko, makarantar Baturen nan Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano ma sai 1909 aka buɗe ta, akawuna da masu buga waya da kafintoci daga Legas da Anaca da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yanzu, aka ɗebo su. Sojoji yawancinsu Hausawa ne da Yarbawa da sauran ƙabilu, harshen da ya haɗa kowa kuma Hausa ce, irin wadda aka riƙa kira Barikanci. A irin wannan zama ne kalmar ɗan bariki ta samo ma'anar da take da ita yau, mutumin da ya bar gaban iyaye da sarkinsa ya je inda ba mai kwaɓarsa. Ni dai ina ganin an yi wa mutanen nan rashin adalci a wannan suna, da yawansu neman abinci ne ya kai su, wasu kuma bayi ne da suka gudu suka sami inda ba mai mayar da su.

Maganar bayi ta tuna min da wani gida da aka buɗe a Zungeru na 'yantattun bayi, yawanci yara da mata da aka ƙwato daga hannun fatake a hanya, ba a san garinsu ba balle a mayar da su. An riƙe su a can ana koya musu aikin hannu har zuwa 1909 da aka rufe gidan aka miƙa yaran ga 'yan mishan a Rumasha. Duk sanda ake lissafa tarihin garin sai a tsallake waɗannan yara, alhali suna cikin mazaunansa na farko-farko.

Wannan tsari na bariki shi ya bayyana abin da ke ba mutane mamaki, wato yadda aka yi aka haifi manyan 'yan ƙabilar Ibo biyu a nan. Nnamdi Azikiwe, shugaban ƙasa na farko, an haife shi a Zungeru ranar 16 ga Nuwamba 1904 saboda mahaifinsa akawu ne a wurin Turawa, kuma da Hausa ya tashi a bakinsa har sai da aka tura shi Anaca don ya koyi harshen iyayensa. Odumegwu Ojukwu, jagoran Biyafara, shi kuma a 1933 aka haife shi a nan, lokacin hedkwata ta daɗe da tashi amma tashar jirgi da kasuwanci na nan.

Da gaske a nan aka haɗa Najeriya?

A taƙaice, ba kamar yadda ake faɗa ba. Haɗewar 1914 ba yarjejeniya ba ce da wasu ɓangarori suka zauna a teburi suka rattaba wa hannu. Takardun doka ne da aka shirya a Landan a ƙarshen 1913 da sunan Sarkin Ingila, suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 1914, kuma a Legas Lugga ya yi jawabin ranar a matsayin Gwamna Janar, Legas ɗin ce kuma ta zama babban birnin ƙasar da aka haɗa. Ba wani sarki ko wakilin jama'a, na Kudu ko na Arewa, da aka nemi sa hannunsa. Daga nan za ka gane maganar da ta yi ta yawo wajen 2014, wai yarjejeniyar ta shekara 100 ce ta ƙare, ba ta da tushe, don babu yarjejeniyar balle wa'adinta.

Dalilin haɗewar kuma kuɗi ne. Gwamnatin Arewa ba ta da tashar teku, kuɗin shigarta ba ya isarta, duk shekara sai baitulmalin Birtaniya ya cika mata, ita kuwa Kudu tana samun kuɗin kwastan mai yawa, babban kaso daga harajin barasar da ake shigowa da ita. Landan ta gaji da ciko. Ga kuma layukan dogo biyu da ke gogayya da juna, na Legas da na Baro zuwa Kano, waɗanda tun 1912 aka haɗe su.

To ina matsayin Zungeru a ciki? Ita ce hedkwatar ɗaya daga ɓangarori biyun da aka haɗa, kuma bayan haɗewar ta ci gaba da zama mazaunin Mataimakin Gwamna mai kula da lardunan Arewa, wato Temple. Wannan ba ƙaramin matsayi ba ne, ya ishe ta alfahari ba sai an ƙara mata da abin da bai faru ba. Haka zancen raɗa suna: Flora Shaw ta ba da shawarar sunan Najeriya ne a wani rubutu da ta yi a jaridar The Times ta Landan ranar 8 ga Janairu 1897, shekara biyar kafin a kafa Zungeru, kafin ma ta auri Lugga a 1902. Ta zo ƙasar bayan auren, rashin lafiya ya sa ba ta daɗe ba ta koma.

Abin da ya tashi garin

Abin da ya kawo hedkwata Zungeru shi ne kogi, abin da ya ɗauke ta kuma jirgin ƙasa. Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, injiniyan reluwe ne, shi ya tsaya kan layin Baro zuwa Kano da aka fara a shekarar ya isa Kano a 1911, da gumin talakawan da aka riƙa ɗiba ta hannun sarakuna da hakimai. Layin nan ta Minna ya bi. Layin da ya taso daga Legas ta Jabba shi ne ya ratsa Zungeru, ya je ya haɗu da wancan a Minna, sai Minna ta zama mahaɗa, Zungeru ta zama tasha a kan hanya. Da jirgi ya samu, ba wanda ya ƙara damuwa da inda jirgin ruwa ke tsayawa. Ɗan siririn layin Barijuko ma aka tumɓuke shi aka kai kayansa aikin layin Zariya zuwa Jos na masu haƙar kuza.

Ga kuma ƙorafin da Turawan suka daɗe suna yi: wurin kwari ne, zafi ya yi yawa, ga sauro, ga ƙudan tsando da ke sa wa dawaki sammore, alhali rundunarsu na da sojan doki. Da Lugga ya dawo a 1912 sai ya zaɓi wani wuri can sama a kan kogin dai, inda layin dogo ya haye shi, mai tudu da iska, kusa da Zariya da Kano. Aka fara kai sojoji, yaƙin duniya na farko ya jinkirta aikin, tsakanin 1916 da 1917 aka gama kwashe gwamnati zuwa Kaduna. Akawuna suka bi, 'yan kasuwa suka bi, masu dafa abinci suka bi, domin ba gona ko gado ne ya zaunar da su ba, albashi ne. Hatta ƙaramar gadar ƙarfe ta ƙafa da Lugga ya gina a Zungeru a 1904 kwance ta aka yi aka kai Kaduna, tana nan a lambun Gamji, kuma tun 1956 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Abin nan yana taɓa min zuciya, mutum ya je Kaduna ya ɗauki hoto a kan gadar Zungeru, su kuma 'yan Zungeru an bar musu gindin ginshiƙai da maƙabartar Turawa.

Shekara 14 zuwa 15 kacal garin ya yi yana hedkwata. Kano ko Katsina in gwamnati ta juya musu baya suna da kasuwa da sana'a da malamai na ɗaruruwan shekaru da za su riƙe su, Zungeru kuwa ba a ba ta lokacin yin wannan saiwa ba. Da aka ƙirƙiro jihar Neja a 1976 Minna aka ba hedkwata, wato jirgin ƙasan nan dai shi ya sake yanke hukunci.

Yau: a sauya suna ko a bar shi, kuma me talaka zai samu?

Akan ji masu cewa tunda sunan kuskuren Bature ne a mayar da shi Dunguru. Hujjarsu tana da nauyi: suna shaida ne na wanda ya riga zama a wuri, kuma ƙananan ƙabilu da dama sun ga yadda sunayen wurarensu suka ɓace a ƙarƙashin na Turanci, wani lokacin ma a ƙarƙashin na Hausa, wannan kuwa gaskiya ce da ya kamata mu Hausawa mu iya saurara ba tare da jin haushi ba. Masu cewa a bar shi su ma suna da tasu: sama da shekara 120 ana amfani da shi, yana kan takardun haihuwa da na filaye da shaidar kammala karatu ta kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da ke garin, yana cikin littattafan tarihi na duniya, kuma garin tun ranar farko na mutane ne daga ko'ina, in aka buɗe maganar suna to maganar wa ke da gari ce za ta biyo baya, mun kuma ga inda irin wannan musu ya kai wasu garuruwan Arewa ta tsakiya.

Ni ina tare da masu cewa a bar Zungeru a takarda, amma a fito da Dunguru fili, a rubuta shi a allon shiga gari, a koya wa yara a makaranta, a je a naɗi muryar tsofaffin Gbagyi da Nufawa na ƙauyukan kewaye tun suna raye, a kuma kewaye kufan nan a sa masu gadi da masu yi wa baƙi bayani daga cikin 'yan gari. Sauya suna zai ci kuɗi da zirga-zirgar gyaran takardu, kuma talaka ne zai sha wahalar layi.

Abin da ya fi suna zafi yanzu shi ne madatsar ruwa. An ƙaddamar da aikinta a 2013, kamfanonin Chaina suka gina da bashin da mafi yawansa daga bankin Chaina ya fito, kuɗin ya kai wajen dala biliyan 1.3, tana da injuna 4 da za su ba da megawat 700, kuma an miƙa gudanar da ita ga kamfanin Mainstream mai riƙe da tashoshin Kainji da Jabba. Da ita jihar Neja ke da manyan tashoshin lantarki na ruwa guda 4, har da Shiroro da ke sama a kan kogin Kaduna ɗin. Ruwan da aka tare ya ci gonaki da ƙauyuka, an tashi mutane, maganar diyya da sake matsuguni ta daɗe ana kai ruwa rana a kanta, ga matsalar 'yan bindiga a hanyar Tegina da ta hana manoma da yawa sakewa. Kogin da ya jawo Lugga a 1902 shi ne ya jawo wannan aiki, kuma wutar da ake samarwa layin ƙasa take hawa ta tafi manyan birane. Abin da mutanen Zungeru da Wushishi da ƙauyukan bakin ruwa ke da haƙƙin tambaya a kai shi ne kason aikin yi na 'ya'yansu a tashar, da wuta tsayayya a gidajensu, da cikon diyyar waɗanda aka tasa, da gargaɗi kan lokaci duk sanda za a saki ruwa da damina, kuma hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki ta ruwa, mai hedkwata a Minna, don irin waɗannan buƙatu aka kafa ta.